Abin da Idon Kifin Koi Ke Faɗa wa Mai Tafki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafkin kifin koi ya san cewa gadon bayan kifin yake kallo. Haka aka so tun asali. Manoman tsaunukan Nigata a ƙasar Japan, musamman na yankunan Yamakoshi da Ojiya, suna kiwon wani baƙin kifi ne domin su samu na sawa a miya a watannin da dusar ƙanƙara ke toshe musu hanya. A farkon ƙarni na 19 suka fara ware waɗanda suka fito da ɗigon ja ko fari, suna haɗa su da juna, har aka samu kifin ado mai launi kala-kala. A 1914 aka kai shi baje koli a Tokiyo, duk ƙasar ta san da shi. Har yau alƙalan gasar koi a kan shuɗin baho suke tsayawa su leƙa ƙasa, suna duba fasalin jiki da hasken fata da yadda ja ya kwanta a kan fari. A 2018, a wani gwanjo da aka yi a lardin Hiroshima, an sayar da mace guda, nau'in Kohaku, a kan yen miliyan 203.

Idon kifin kuwa a gefen kai yake, inda mai kallo daga sama ba ya gani sosai. Shi ya sa mai ɗan tafki a bayan gida, a Ingila yake ko a Amurka ko a Afirka ta Kudu, ba kasafai yake farga da wuri ba. Sai ranar da ya ga wani kifi yana kai baki ga abinci yana kuskurewa, ko yana juya gefe guda kullum, sannan ya durƙusa ya duba, ya tarar ido ya yi fari ko ya kumburo. Abin da yakan biyo baya shi ne gudu zuwa shagon kayan kifi a sayo kwalbar magani a tuttula a ruwa. Wannan gaggawa ta kashe kifi masu yawa, domin mafi yawan ciwon idon kifi ba daga ido yake farawa ba. Daga ruwa yake tasowa, ko daga cikin jiki, idon kawai shi ne wurin da abin ya fara bayyana.

Dalili yana cikin halittar idon. Koi ba shi da fatar da zai rufe ido da ita, ba shi da hawaye, ba ya ƙiftawa. Gilashin gaban idonsa dare da rana a cikin ruwa yake, duk abin da ke cikin ruwan nan yana taɓa shi. A saman gilashin akwai wata siririyar fata da ke hana ruwan tafki shiga. Idan ta kurje ko ta ƙone, ruwa ya samu ƙofa, gilashin ya jiƙa ya dushe, ya koma fari-fari. Can ciki kuma akwai madubin ido, wani ɗan dunƙule garau mai siffar ƙwallo. Mai cin kan kifi ya san shi: shi ne farin ƙwayar nan mai tauri da ake samu a idon dafaffen kifi. A rayayyen kifi ba shi da launi ko kaɗan. Bayan madubin akwai tarin ƙananan jijiyoyin jini, kuma duk abin da ya taru a wannan lungu, ruwa ne ko mugunya ko iska, waje zai turo idon.

Masu kiwon da suka daɗe a harkar da ƙidaya suke farawa. Ido ɗaya ne ko biyu? Kifi ɗaya ne ko da yawa? Idan kifi guda ne, ido guda, kuma yana cin abincinsa yana yawo tare da 'yan uwansa, mafi rinjayen zato rauni ne. Raga mai kaushi takan kurje ido lokacin kamu. Dutse mai kaifi da aka jera don ado yakan yi haka. Zalɓe idan ya kai sara ya kuskure yakan bar tabo. A lokacin zubar da ƙwai ma maza sukan yi ta tunkuɗar mace suna haɗa ta da bango har ta ji ciwo. Irin wannan kurjewar, idan ruwa mai tsabta ne, takan warke da kanta cikin 'yan kwanaki, domin fatar kifi tana saurin rufe rauni.

Idan kuwa idanu biyu ne, ko kifi uku huɗu suka wayi gari da ido a dushe, to a bar kifin tukuna a koma kan ruwan.

A nan ne ƙaramin akwatin gwajin ruwa, wanda kuɗinsa bai kai na ɗan koi mai kyau guda ba, yake yin aikin da kwalaben magani goma ba za su yi ba. Kifi yana fitar da amoniya ta kunnuwan numfashinsa, ragowar abinci da kashi ma suna ruɓewa su ƙara. A tafki mai lafiya, bakteriya masu amfani da ke zaune a matatar ruwa suna mayar da amoniya ta zama nitirait, su sake mayar da nitirait ya zama nitiret wanda ba shi da dafi sosai. Biyun farko sifili ake so a gani a gwaji. Sabuwar matata takan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin waɗannan bakteriya su kafu, kuma a wannan tsakanin ne sababbin masu tafki suka fi yin asara, domin sun riga sun cika ruwan da kifi. Ana kuma auna tsami ko kanwar ruwa da ma'aunin da ake kira pH. Koi yana jin daɗi tsakanin 7 da 8.5. Abin lura shi ne dafin amoniya yana tafiya da wannan ma'auni: a ruwa mai ɗumin digiri 25, idan pH yana 7, ɓangaren amoniya mai dafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, idan ya kai 9, ya haura kashi ɗaya cikin uku. Ruwan da jiya ba ya cutar da kowa yana iya zama mai ƙona ido yau, ba tare da an ƙara masa komai ba sai kanwa.

Masu kwamin tarwada a Kano da Kaduna da Zariya sun san wannan ta tasu hanyar. Sabon kwamin siminti yana sakin farar ƙasa a ruwa, ya ɗaga kanwarsa, shi ya sa ake jiƙa shi ana zubarwa kafin a zuba 'ya'yan kifi. Tafkin koi na siminti da ba a shafe shi da abin da zai toshe shi ba haka yake yi. Ruwan famfo kuma yana zuwa da kilorin, wanda ke kare mutum amma yake ƙona ido da kunnuwan numfashin kifi. Mutum ya saka tiyo don ya ƙara ruwa, ya shiga gida ya manta, da safe ya tarar da idanu sun yi fari gaba ɗaya. Tambayar da likitan kifi ya fi yi ke nan: me aka yi wa tafkin a makon nan? An canza ruwa? An sa magani? An kawo sabon kifi ko sabon tsiro? An yi feshi a lambu?

Idan ruwa ya fita daga zargi, sai a kamo kifin. Ba a ɗaga koi a cikin raga. Ana lallaɓa shi ne da faffadar raga har ya shiga baho mai yawo a kan ruwa, sannan a dube shi ta gefe. Don a duba ido da kyau sai an sa shi ɗan barci, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi amfani da su a duniya shi ne man kanumfari, a ɗiga kaɗan a ruwan bahon har kifin ya kwanta. Aiki ne na wanda ya iya, domin tazarar da ke tsakanin barci da mutuwa ba ta da faɗi. A sa safar hannu, a jiƙa ta, saboda busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare fatar kifi, kuma wasu ƙwayoyin cutar kifi suna shiga jikin mutum ta ƙaramin yanka.

Da 'yar tocila ake raba manyan matsaloli biyu da suke kama da juna daga nesa. A haska idon ta gefe. Idan farin a sama yake, ya rufe har da zoben da ke kewaye da baƙin ido, to hakiya ce, gilashin gaba ne ya samu matsala. Idan gilashin garau yake, ana ganin zoben sarai, amma can tsakiyar baƙin akwai fari, to yana ce, madubin ciki ne ya dushe. Likitocin dabbobi suna ɗiga wani rini mai suna fuloresin, wanda ake amfani da shi a asibitin idon mutane. Duk inda gilashin ya kurje sai ya kama rinin ya yi kore a ƙarƙashin shuɗin haske. Sukan kuma karto ɗan yauƙi daga jikin kifin su sa a madubin likita. Sau da yawa a nan ake kama mai laifi: ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, waɗanda ke sa kifi ƙaiƙayi ya riƙa goga jiki da bango har ya ji wa idonsa ciwo. Cutar fararen ɗigo, wadda ke yayyafa wa jiki tabo ƙanana, ita ma takan sauka a kan gilashin ido. Ƙwarƙwatar kifi kuwa da ido ake ganinta, faffaɗa tana rarrafe a kan fata.

Hakiya takan washe idan an gyara abin da ya jawo ta. Yanar ido kuwa da wuya ta washe. Tsufa yana kawo ta, domin koi da aka kula da shi yana shekara ashirin zuwa talatin, har fiye. Abinci ma yana kawo ta: bincike a kan kifayen kiwo ya nuna cewa ƙarancin sinadarin zinki ko bitamin B2 yana dushe madubin ido, ƙarancin bitamin A kuma yana sa ido ya kumburo. Buhun abincin da ya yi watanni a buɗe cikin zafi ya riga ya rasa kaso mai yawa na bitamin ɗinsa, ko da ƙamshinsa bai canza ba.

Akwai kuma wata tsutsa mai suna Diplostomum, wadda rayuwarta ta isa a tsaya a kanta. Babbarta tana zaune a hanjin tsuntsayen ruwa masu cin kifi. Ƙwanta yana faɗawa ruwa tare da kashin tsuntsu, ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya nemi katantanwa ya shige ta. A cikin katantanwa yake hayayyafa, dubbai su fito su bazu a ruwa, su huda fatar kifi, su bi jiki har su isa madubin ido, inda garkuwar jikin kifi ba ta kai musu. Idan suka yi yawa kifin ya makance, ya riƙa yawo kusa da saman ruwa, tsuntsu ya ɗauke shi cikin sauƙi, zagayen ya sake komawa farko. Kifi ba ya shafa wa kifi wannan cuta kai tsaye. Dole sai da katantanwa da tsuntsu. Saboda haka mai tafkin da ya tsinci yana a idon ƙananan kifinsa, abin da zai duba shi ne tukwanen tsiron da ya ɗebo daga wani kududdufi, da ko akwai raga a saman tafkin.

Kumburarren ido ya fi tayar da hankali, kuma a nan ma ƙidayar farko tana aiki. Ido ɗaya da ya fito waje yakan zama duka ne, ko ƙurji a bayan idon, ko ƙari, musamman a tsohon kifi. Idanu biyu kuwa labarin cikin jiki suke bayarwa. Kifin ruwan daɗi kullum ruwa yana ratsa jikinsa, ƙodarsa kuma ba ta hutawa wajen fitar da shi. Idan ƙoda ta gaza, ko bakteriya irin su Aeromonas suka shiga jini ta wani gyambo, sai ruwa ya taru a ciki. Ciki ya kumbura, idanu su turo, ɓamɓarokin jiki ya miƙe tsaye kamar ɓawon abarba. Kifin da ya kai wannan mataki da wuya ya tashi, kuma gara a faɗa wa mai shi gaskiya da a bar shi yana ta kashe kuɗi. A ƙasashe masu sanyi akwai wata cutar bairos da ke tasowa idan hunturu ya fara janyewa, ruwa bai kai digiri 18 ba, ita ma tana turo ido tare da zubar jini a fata. Masu kiwon karfasa a ƙasashen zafi kuma suna ganin irin wannan kumburi daga bakteriyar Streptococcus, wadda ke sa kifi ya riƙa juyawa a ruwa ba kan gado.

Wani sanadi da mutane ba sa kawowa a rai shi ne iska. Ruwa yana iya ɗaukar iska fiye da ƙima, musamman naitirojin, idan an matsa shi. Hakan na faruwa idan bututun da injin ke zuƙo ruwa da shi yana da 'yar kafa da ke jan iska, ko idan ruwan daga rijiyar burtsatse mai zurfi ya fito aka zuba shi kai tsaye. Kifi ya shaƙi wannan ruwa, iskar ta fita daga jininsa ta zama ƙananan kumfa. Da tocila ana ganinsu a cikin ido, da tsakanin ƙasusuwan filafilan iyo, da a kunnuwan numfashi. Idan yawan iskar ya haura kusan kashi 110 cikin 100 na abin da ruwa ya saba ɗauka, matsala ta fara. Babu ƙwayar cuta a nan, don haka babu maganin da zai yi aiki. A toshe kafar bututu, a bar ruwan rijiya ya faɗo daga sama yana fantsama, ko a tara shi a tanki ana kaɗa shi kafin ya isa ga kifi. Wannan ya shafi duk mai kiwon da rijiyar burtsatse ce madogararsa, koi yake da shi ko tarwada.

Idon da ya fi ban tsoro shi ne wanda ya faɗa ciki. Kifin da ya daɗe ba ya ci yakan rame har idonsa ya zurma, wannan a hankali yake zuwa. Amma idan kifi masu ƙiba suka zurma ido cikin kwana biyu uku, suna taruwa wurin da ruwa ke zubowa suna haki, fata ta yi kaushi, aka ɗaga marfin kunne aka ga jan naman ya yi dabbare-dabbaren fari da ruɓa, to zato na farko shi ne cutar da ake kira KHV. An fara gane ta sosai bayan ɓarkewar da ta yi a Isra'ila da Amurka a 1998. A 2002 ta shiga Indonesiya. A ƙarshen 2003 ta faɗa tafkin Kasumigaura na Japan, ta kashe fiye da tan 1,000 na kifin kiwo. Tana tashi ne idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 16 da 28, kuma tana iya kashe kashi 80 cikin 100 na kifin tafki ko fiye. Ba ta da magani. Wanda ya tsira yana iya ɗauke da ita a ɓoye ya kai wa wasu. Tana cikin cututtukan da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta ce a riƙa kai rahotonsu, kuma ba ta kama mutum.

Tana da abokiyar kama da ake kira ciwon barcin koi, wadda aka fara bayyanawa a Japan a shekarun 1970. Ita ma tana zurma ido tana lalata kunnuwan numfashi, sai dai kifin kwanciya yake yi a ƙasan tafki a kan gefensa, a taɓa shi ya zabura ya sake kwanciya. Bambancin yana da muhimmanci, domin wannan ta biyun gishiri yana rage mace-macenta ƙwarai, masu kiwon Japan sun daɗe suna sa giram 5 a kowace lita. Ido kaɗai ba ya raba su. Sai an kai samfuri ɗakin gwaji. Dukkansu biyu kuma a jikin sabon kifi suke shigowa, shi ya sa ƙwararru ba sa zuba sabon saye a babban tafki sai ya yi makonni huɗu zuwa shida a keɓe, da ragarsa da bahonsa daban.

Magungunan da ake tuttulawa bisa zato su ma suna cikin masu ɓata ido. Famanganet, garin nan da ke mayar da ruwa shunayya, yana kashe ƙwari, amma idan ya yi yawa yana ƙona gilashin ido da kunnuwan numfashi. Fomalin yana rage iskar oksijin a ruwa, abin da ke da haɗari a ranar zafi. Maganin kashe bakteriya da aka zuba a tafki yana hallaka masu amfanin da ke matata, amoniya ta tashi, idon da ake son gyarawa ya ƙara dushewa, mai tafki ya ga kamar maganin ne bai isa ba ya ƙara wani. Mutane da yawa ma ba su san adadin litar tafkinsu ba, da ka suke awo. Abin da ya fi aminci kafin a gano cuta shi ne a canza wani ɓangare na ruwan da wanda ba shi da kilorin, a ƙara iska, a rage abinci, a ware marar lafiyan a tanki mai gishiri giram 3 a lita, wanda ke sauƙaƙa wa ƙoda aiki. A tuna cewa gishiri ba ya bin tururi. Sai an zubar da ruwa yake raguwa.

Ba kowane baƙon ido ne ciwo ba. Akwai nau'in koi mai ruwan ɗorawa da ake kira Akame Kigoi, wanda da jan ido ake ƙyanƙyashe shi.

Idan ido ya lalace har ba gyara, ko ƙari ya cinye shi, likitocin kifi suna cire shi a ƙarƙashin maganin barci, ramin ya warke fata ta rufe shi. Kifin ya fita daga sahun masu shiga gasa, amma rayuwarsa ba ta tsaya ba. Koi dama mai kiwo a cikin laka ne. Yana da gashin baki guda huɗu masu ɗanɗano, yana da hanci mai ƙarfi, yana da layin jijiyoyi a kowane gefen jiki da ke jin motsin ruwa. Ko wanda ya rasa idanu biyu yana samun abinci, in dai ana zuba masa a wuri guda a lokaci guda, kuma an fi so ya zama mai nutsewa don kada masu ido su riga shi. Sai a kwashe duwatsu masu kaifi daga hanyarsa.

Wanda zai nemi taimakon likita ko ɗakin gwaji, rayayyen kifi mai alamun ciwon zai kai, domin gawar kifi tana lalacewa cikin sa'o'i kaɗan, idonta ya dushe ko da lafiyayye ne, ƙwarin da ke jikinta kuma su watse. Ya ɗebi ruwan tafkin a kwalba mai tsabta daban da wanda kifin ke ciki, ya cika ta har baki ya rufe. Ya ɗauki hoton idanun biyu ta gefe, ya rubuta ɗumin ruwa, da ranar da ya fara ganin alamar, da sunan duk abin da ya riga ya zuba a tafkin da adadinsa. A Najeriya, sassan koyar da likitancin dabbobi na jami'o'i da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a jihar Neja suna cikin wuraren da ake samun masana lafiyar kifi.